Kofin Shafi'u Mai Waya Biyu

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Kai mai leƙa littafin tsohuwa, ga kacici-kacici: yana ruwa-ruwa wutar lantarki na ratsa shi, in ya daskare ya tare mata hanya. Mene ne?

Jikana Shafi'u, angon nawa, shi ya kawo min shi har zaure. Aikin gama makaranta ne, ɗakin gwajinsu kuma a rufe. Kofi mai wani haɗi ruwa-ruwa, waya biyu a tsome a ciki, da 'yar na'ura mai nuna lamba. Na ce, "Ango, kunun da ka dama wa amarya ke nan?" Ya yi dariya. Ni ma na yi.

Talata, 4 ga Yuni
Wayar lantarki ce ta kashe ubansa. Ɗana Garba. Hanyar Digil, bayan ruwa.

Alhamis, 6 ga Yuni
Hadari ya haɗo, yaron yana kasuwa. Na ɗauko muciya na fizge wayoyin daga kofin. Da ya dawo ya leƙa kofin.

"Kaka, ba sa komawa. Ya riga ya fara kamawa."

Kaka, in ji shi. Ba amarya ba. Haɗi ɗaya ya rage masa. In ya lalace, sai baɗi zai gama.

Juma'a, 7 ga Yuni
Ya zaunar da ni kamar 'yar firamare. Wai yana zuba wani mai da ke tausasa abin, yana son ya ga ko yana jinkirta daskarewa. Yana ƙara tauri, lambar na hawa. Wai batir ne kawai ke ba shi wuta, irin na rediyo. Sai ya kama wayar da yatsa! Na rafka salati har Tabitha maƙwabciya ta leƙo ta katanga: "Mama, lafiya?"

Ban iya cin tuwo ba.

Lahadi, 9 ga Yuni
Haɗin ƙarshe. Hadari kuma. Na zauna a kan hannuwana don kada in sake fizge wayoyin. Kaza ta nufi kofin, muciyar nan dai na kore ta da ita. Don kazar ce kawai na matso kusa.

Lamba ta yi ta hawa, har ta tsaya. "Amarya, taɓa ki ji." Da farce na taɓa. Tauri kamar ƙaho.

Amsa: roba ce.