Binciken Ɗanki a Kamfanin Auduga

Ƙauran Namoda,
9 ga Maris, 2000.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Maimunatu, Zurmi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Dalilin wannan takarda shi ne ɗanki. Kin san ban taɓa kama sunansa da bakina ba, kasancewarsa ɗan fari, kuma ke kika riƙe shi tun daga yaye. Saboda haka ke ya kamata ki fara ji.

Da zai fara binciken digirinsa na uku, ya roƙi izinin yin sa a kamfaninmu na gurzar auduga, inda nake shugabantar daraktoci. Na buɗe masa kowane ofis. Manajojinmu na Shinkafi da Moriki suka saki jiki da shi, don ɗana ne. Yanzu ya aiko mini kundin. Ya rubuta cewa tunda muna biyan manaja kamasho bisa nauyin audugar da ya sayo, ba bisa kyawunta ba, manajoji na bari a yayyafa mata ruwa kafin ta hau sikeli. Ya ce daraktoci ba sa tambaya domin duk surukan juna ne, odita mai binciken kuɗi kuwa a gidana yake cin abincin rana. Ya ɓoye sunaye, amma manajan Shinkafi ɗaya ne, Gwadabe, wanda muka yi karatun allo tare.

Ban ce ya yi ƙarya ba. Sai dai Shari'a ta kafu a jihar nan, kuma zancen algus a wurin awo ya wuce wasa. Na aika masa ya cire babi na biyar, inda wannan magana take, ya amsa cikin ladabi cewa babin shi ne aikin. Ki yi masa magana, maganarki yake ji.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Muhtari.

Ƙauran Namoda,
14 ga Disamba, 2000.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Maimunatu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kuna azumi lafiya. An ce kin kwanta, Allah ya sa kaffara ne.

Takardunki sun iso. Ban amsa ba ne don ina jiran al'amari ya kammala, kuma ya kammala.

Da yake ya ɓoye sunayen waɗanda ya tattauna da su, jami'a ta rubuto tana neman kamfani ya tabbatar cewa an yi binciken a wurinmu. Na tara daraktoci, muka amsa cewa ba mu da wata shaida a rubuce ta wannan bincike. Hakan gaskiya ne, domin izinin da baki na ba shi, kamar yadda uba ke yi wa ɗa, shi kuma kunya ba ta bar shi ya nemi in sa hannu ba. Gwadabe da sauran suka ce ba su tuna ba. Kwamitin jami'a ya yanke cewa ƙirƙirar bayanan ya yi. An kore shi daga karatun, aikin koyarwar ma an sallame shi.

Don hankalinki ya kwanta game da algus, mun sauya tsarin kamasho kamar yadda ya ba da shawara, yanzu bisa kyawun auduga ake biya. Ta bana ta shigo a bushe, masaƙu na yabawa. Shawara ce mai kyau.

Ranar Juma'a ya zo, ya durƙusa a zaure, ya roƙi in rubuta layi ɗaya cewa na san da aikin. Ya ce matarsa na da tsohon ciki. Na tambaye shi hanya, na sa a ba shi gero ya kai mata. Da zai fita, a gaban mutanen zaure, na ce, "Abdussamad, Allah ya kiyaye hanya." Ya juyo ya dube ni. Ya gane.

Kada ki wahalar da gwiwarki zuwa Ƙaura a kan wannan. Idan ya zo wurinki, ki karɓe shi, naki ne.

Allah ya nuna mana Sallah lafiya.

Yayanki,
Muhtari.