Shekara biyu na ɗara, Malam ya ce zai rantse a kotu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yake ni kaina ban san amsar da nake son ji ba.

Ni ɗan Bakura ne, digirina a fannin noma, shekara bakwai ke nan da gama bautar ƙasa. Tun daga nan babu fom ɗin da ban cike ba, duk shirin samar da aiki da gwamnati ta fito da shi, na koyon sana'a ne, na koyarwa ne, za ku same ni a kafe a Talata Mafara ina tura takardu, har mai kafen ya haddace lambar wayata. Gonarmu ta wajen Maradun kuwa ba ta shiguwa, kun dai san halin da ake ciki. Yanzu wani abokina nake taya sayar da maganin feshi ranar kasuwa. Da can in sunana bai fito a jerin waɗanda aka ɗauka ba har ciwon kai nake yi, yanzu ko a jikina, in duba, in rufe waya, in wuce masallaci.

To wannan karon malaman gona za a ɗauka, daidai abin da na karanta. Wani tsohon malamina da ya san kan abin ya duba takarduna ya ce sun yi, matsala ɗaya ce, ba a ɗaukar wanda ya haura talatin. Ni kuwa talatin da biyu gare ni, a layin jira na cinye su. Ya ce ai kowa haka yake yi, a je kotu a sake takardar shekaru, sai dai uba ne ke rantsewa a kanta in yana raye.

Mahaifina malami ne, Malam muke ce masa, tun kafin a haife ni yake karantarwa a zaure, ko cinikin akuya ba ya yi wa shaida sai ya gani da idonsa. Ranar haihuwar kowannenmu da hannunsa ya rubuta a bangon littafinsa. Don haka ban ma tunkare shi ba, Inna kawai na faɗa wa, ita kuma ta kai masa. Yayana da ya ji ya zo ya yi ta faɗa, wai zan zubar da girman tsoho saboda albashi, Inna ta ce shi da ke da shagonsa ai dole ya faɗi haka. Ina zaune ina jin su kamar rediyon maƙwabta.

Jiya bayan la'asar, da ɗalibai suka watse, Malam ya kira ni. Bai ɗago ya dube ni ba, ya ce, "Litinin ka shirya mu tai kotun. Na gaji da ganinka zamne hakanga. Sauran tsakanina da Ubangijina na." Na ce to Malam, na tashi. Wallahi ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba, na dai lura sau biyu yana laluben takalminsa bai samu ba, alhali yana gabansa.

Juma'a ake rufe fom. In wannan ya wuce ni shi ke nan, don shekaru ba baya suke yi ba. In kuma na bar shi ya je, aikin ma ba tabbas, yana iya rantsuwar ni kuma a ƙi ɗaukata.

Jama'a mene ne abin yi? In bar tsohon nan ya yi ƙarya a gaban alƙali saboda ni, ko ni in yi tawa ƙaryar, in ce masa an riga an rufe?