Koren Hoton Maman Yara

Zuwa ga taubashina Akawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matar nan mai haƙuri da ta yarda take zaune da kai har yau. Yaya yara, yaya ciwon bayan nan naka na zaman kujera? Ka gaishe min da Gwaggo, ka ce mata ɗanta na gaskiya yana gaishe ta. Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da zan gaya maka.

Kar ka ɗauko jan biro ka fara bin rubutuna kamar yadda ka saba. Hannuna na kyamara ne. In ka ga harafi ya ɓace ka cika da kanka, ai aikinka ke nan a ofis.

An ci min mutunci, Akawu. Ka san ni, shekara ashirin da biyu ina ɗaukar hoto a layin nan, babu jaririn da ya yi haƙori ban ɗauka ba. To wani mutum ya buɗe shago daidai tsallaken titi, muna ce masa Ɗan Gayu. Takalmi fari, agogo kamar faranti, turarensa na riga shi tsallaka titi. Hoton da ke allon shagonsa nasa ne, amma ya goge fuskar ya goge, har in ya tsaya a ƙarƙashin allon mutane na tambayarsa ina mai shagon.

Ka tuna tsohuwar kwamfutata da ka ce ta girme ka? In na buɗe hoto ɗaya sai in je in sha ruwa in dawo tana nan tana tunani, fankarta na kuka kamar injin niƙa. Ashe kuma sikirin ɗinta ya koma ja-ja ban lura ba, tunda kullum shi nake kallo. Sai in ga fuskar mutum ta yi ja, in rage jan, ashe fuskar lafiyarta ƙalau, kore nake zuba mata.

Maman yara ta yi sabon ɗinki, ta zo shago da ƙafarta, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba, ta zauna na ɗauke ta. Na zauna na gyara hoton da dukkan gwanintata, na kai wa mai wankin hoto na bayan tasha. Da ya fito, Akawu, matata ta zama ɗanyen mangwaro. Kore shar, har haƙora. Na jefa a kwandon sharar wurin na fito. Ban yaga ba, nan na yi wauta, don Ɗan Gayu ma can yake kai wanki.

Washegari hoton yana manne a gilashin tagarsa, da rubutu a ƙasa wai kada a yi miki haka, shigo nan.

Na tsallaka na ce ya cire, ya ce abin da aka tsinta a shara ba shi da mai shi. Na naɗe hannun riga, mai faci da mai shayi suka rirriƙe ni. Da sun sake ni da yanzu daga kurkuku nake rubuto maka. Maman yara ta ce in na yi dambe a titi kunyarta ta zama biyu. Ba ta yi min faɗa ba, kuma wannan ya fi ci na. Yanzu in za ta kasuwa sai ta zagaya ta bayan gareji, ta kan kwata, don kar ta bi ta gaban tagar. Masu babur kuwa sun raɗa min suna Alhaji Kore.

Na yi rantsuwa sai ya cire hoton nan da hannunsa da rana tsaka. Na sayar da babur ɗina don in canja kwamfuta, kuɗin ba su da yawa. Kai da kake danna kwamfuta kullum, rubuto min wacce zan saya mai arha da za ta gyara hoto ba ta yi min ƙarya ba. Kar ka yi min dogon turanci.

Ka gaida kowa.
Naka, ubangidanka,
Ƙyas

Zuwa ga Akawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali, da fatan tarin Gwaggo ya yi sauƙi. Wasiƙarka ta iso. Na ce kar ka yi dogon turanci, ka cika min takarda da lambobi kamar lambar mota. Duk da haka na gode, na saka a aljihu na tafi kasuwar kayan lantarki.

Mai shago na farko ya nuna min wata mai fitilu ja da shuɗi tana walƙiya kamar motar asibiti, ya ce ita ce ta manya. Kuɗinta ya ninka nawa sau uku. Na ce masa ni ba gidan rawa zan buɗe ba. Na biyu ya fito da siririya ta hannu irin ta Ɗan Gayu sak, sikirin ɗin na sheƙi har na ga gemuna a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, raina ya biya. Na fara tunanin yadda zan ajiye ta a bakin ƙofa ya gani ya ƙone. Amma kuɗina sai mafi ƙanƙantarta suke iya saya.

Can ƙarshen layi, kusa da masu sayar da waya, akwai wata mata mai gyara, kowa na ce mata Injiniya. Tebur cike da sukurori, tabarau a goshi. Ta karanta takardarka ta ce wanda ya rubuta ya san abu rabi. Ka ji, rabi. Ta tambaye ni hoto nake gyarawa ko wasan tseren mota. Na ba ta labari, ta yi dariya har ta ajiye sukundireba, sannan ta ce mai hoto da sikirin yake gani, don haka can zan zuba kuɗin, akwatin kwamfutar kuwa ko tsohon na ofis ne zai yi in an ƙara masa ram, abin da ke sa shi sauri, ya kai sha shida, aka sa masa wurin ajiya irin wanda ba ya juyi ba ya ƙara. Ni dama na san haka, na bar ta ne ta faɗa.

Ta ce in koma in ɗauki hoto kar in taɓa shi ko kaɗan, in wanke, in dawo da takardar da kuma katin kyamara. Mai faci na ɗauka, da rigar aikinsa ruwan lemo da baƙin mai a kumatu. Na dawo muka dinga buɗe shi a sikirin ɗaya bayan ɗaya ina kara takardar a gefe. Akawu, mai faci ɗaya ne amma na ga mai faci bakwai. Wani ya yi ja kamar ya sha yaji, wani shuɗi kamar an tsamo shi a rijiya. Wani sikirin kuma in ka zauna daidai ne, in ka miƙe tsaye rigar ta canja kala. A na bakwai, wani mara sheƙi mai kaurin baki da ba wanda ya kula shi, na ga mai facina sak, har man kumatun. Na leƙa ta dama, na leƙa ta hagu, na durƙusa, yana nan yadda yake. Na ce wannan.

Sai ta rage haskensa, ta dinga ragewa har farin sikirin ya zo daidai da farin takarda. Ta ce duk wanda ya bar haske a ƙarshe, hoto zai yi masa kyau a ido, in an wanke ya fito duhu. Ina jin haka na ji wani sanyi a raina, don daga kujerata ina hango sikirin ɗin Ɗan Gayu yana haska titi kamar fitilar tirela.

A baro aka kawo min kayan. Akwatin baƙi ne, ya lotsa a gefe, da ragowar takardar wani ofis manne a jiki. Ɗan Gayu ya fito yana dariya, ya tambayi mai shayi ko firji na saya. Na jona, na buɗe hoto hamsin a tare, kafin in gyara zama sun buɗe.

Ga labarin da ban so ba. Makarantar bayan asibiti, wadda nake ɗaukar ɗalibanta shekara goma sha ɗaya, shugabarta ta ba Ɗan Gayu aikin bana. Yara ɗari uku, za a raba hotunan ranar ba da kyaututtuka. Ta ga tagar, ba laifinta. Mai wankin hoto kuma ya raɗa min cewa a da shi yake ƙara wa hotunan Ɗan Gayu haske a ɓoye in guda biyar ne ko shida, amma satin nan Ɗan Gayu ya daka masa tsawa a gaban mutane wai kar ya ƙara taɓa masa aiki, kwamfutarsa ta fi injinsa ilimi.

Kalma ɗaya zan tsallaka in faɗa masa ya tsira. Na saya wa kaina shayi mai kauri na zauna ina kallon fitilar tirela. Maman yara har yau ta kan kwata take bi.

A gaida yara.
Naka,
Ƙyas

Zuwa ga taubashina,

Assalamu alaikum. Da fatan kowa lafiya, da fatan kana zaune, don in a tsaye kake za ka faɗi.

Wankin farko na Ɗan Gayu yaran makarantar suka fito kamar an ɗauke su a cikin buhun gawayi, ido da haƙora kawai ake gani. Ɗan Gayu ya koma ya ƙara haske da ka, tunda a sikirin ɗinsa komai daidai yake gani. Wanki na biyu suka fito fari fat kamar an bulbula musu gari, shuɗin kayan makarantar ya gudu. Saura kwana biyu taro. Ina goge kyamara sai ga shugabar makaranta a ƙofata da ambulan a hannu. Na ba ta kujera mai hannu, na kara hoton mai faci a sikirin, ta kalli takarda ta kalli sikirin, ta ce nawa ne. Na ce Hajiya ba maganar kuɗi ba ce, hotunan asali suna katin mutumin can, kuma ina da sharaɗi biyu. Ta tsallaka da kanta. Ban san me ta gaya masa ba, amma mai shayi ya ce har kofuna sun girgiza.

Ƙarfe goma sha biyu daidai, rana a tsakar ka, Ɗan Gayu ya fito yana kankare salatif ɗin hoton matata daga tagarsa da makullin shagonsa. Ya manna shi da kyau lokacin mugunta, yanzu ya ƙi fita, ya yi ta fama masu babur na ba shi shawara. Mai faci ya shiga tsakiyar titi ya tsayar da motoci kamar wani babba zai wuce. Ɗan Gayu ya tsallako da hoton matata a hannu biyu, ya ajiye a teburina tare da katin. Sai na nuna masa kujerar ɗaukar hoto, sharaɗi na biyu ke nan. Ya nemi ya share gumi na ce a'a. Ƙyas! Na ɗauka.

Ban taɓa hoton nan ba, Akawu, ko ɗigo. Ga gumi, ga ƙuraje, ga sanƙon da yake rufewa da hula, ga launinsa na gaskiya wanda allon shagonsa bai taɓa gani ba. Na wanke shi babba na manna a tagata, na sa mai rubutun allo ya rubuta a ƙasa, a nan ba ma ƙarawa ba ma ragewa.

Yara ɗari uku kuwa firjin nan nawa ya gama su da sauran lokaci. Kowace uwa ta gane ɗanta. Shugaba ta ce baɗi ma ni ne.

Na sake gyara hoton maman yara daga na asali, na sa a firam na kai mata. Ta daɗe tana kallo, sai ta ce kalar zanen ta fito. Washegari kuwa ta sa ɗinkin nan ta bi ta gaban layi a hankali, ta tsaya ta gaisa da mai shayi, ta gaisa da mai faci, har ta tambayi lafiyar wani tela da ba ta taɓa yi wa magana ba.

Kwana talatin da shida hotonta ya yi a tagarsa, na yi niyya nasa ma ya yi talatin da shida ba ragin awa ɗaya. A kwana na uku maman yara ta dawo daga kasuwa ta ce ta hango matar Ɗan Gayu tana ɗage zane a kan kwatar bayan gareji. Ta ce ta san warin wurin, in cire hoton mutumin. Na yi gardama, na kawo hujjoji masu ƙarfi irin nawa, ta kalle ni kawai. Na cire.

Amma kar ka ce na yafe. Injiniya ta ce lokaci lokaci in dinga kara takarda a sikirin don in tabbata bai fara ƙarya ba. Na sallami hoton mai faci. Yanzu kullum da safe kafin in fara aiki sai in ɗauko fuskar Ɗan Gayu in kara, in duba gumin, in duba ƙurajen ɗaya bayan ɗaya, in sun yi daidai in ce bismillah. In yana share ƙofar shagonsa sai in ɗaga masa takardar ya gani, in yi masa barka da asuba.

Ka zo da Gwaggo in ɗauke ta kyauta. Kai ma zan ɗauke ka, amma ka sani ba ma ragewa.

Ka gaida mutanen gida gaba ɗaya.
Naka har kullum, ubangidanka,
Ƙyas