Wa Ke Aiko da Laimar Kwaɗin?

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ƙafar? Laimar kwaɗin da ka aiko wa gidan tarihi ta iso, mun busar, mun adana tare da sauran naka. Sai dai ta zo ba bayanin inda aka tsinko ta, abin da ba ka taɓa mantawa ba. Irin jar nan ce mai tsiro a kan dutse cikin sanyi, amma hatimin gidan waya na cikin gari ne. Ban san inda zan ɗiga alamarta a taswirarmu ba. Don Allah ka warware mini.

Taka cikin girmamawa,
Mai kula da ɗakin tsirrai

*

Malama,

Wa'alaikumus salam. Ni ce babbar 'yarsa. Baba ya rasu tun bara, ki yafe mana rashin sanarwa. Na karanta takardarki har kaina ya yi zafi. Na tambayi ƙanena, ya ce shi ko a faranti aka ba shi laimar kwaɗi ba ya ganewa. Mama kuwa matakalar gidan ma da ƙyar take sauka, balle hawan dutse, ga tari ya sa ta gaba. Ko saƙon wani ne kuka haɗa da nasa?

Na gode,
'Yarsa

*

'Yar'uwa,

Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Ban taɓa ganinsa ba, amma na yi kuka. Saƙon ba na wani ba ne: irin kwalinsa ne, irin ɗaurinsa. Jiya ma wani ya iso, ɗanye. Shugabana ya ce idan ba a san wurin tsiro ba, a cire su daga tarin. Ni na kasa.

Mai kula da ɗakin tsirrai

*

Malama,

Ina gaisuwa. Na gano, amma ban ce na fahimta ba.

Na je wurin Mama na tarar da ita da buta a ƙofar ɗakin Baba, wanda ta kulle tun rasuwarsa. Na ce, "Mama, me za ki yi da ruwa a nan?" Ta ce, "Matsa, kina tare mini hanya." Ashe wani ruɓaɓɓen kututture ne da ya taɓa saukowa da shi daga dutse, a ƙarƙashin teburinsa, take ba wa ruwa. Kututturen ya fito da jajayen laimomi. Bango duk ya jiƙe, labule ya yi baƙi. Ita ke tsinka, maƙwabciya ta kai gidan waya. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba, ta ce, "Ke kin tambaye ni ne? Shi ya ce duk wadda ta fito a aika."

Likita ya ce danshin nan ke cin ƙirjinta, dole ta tashi daga gidan. Ta rantse ba za ta bar kututturen ba. Ko za ku karɓe shi, ta riƙa kai masa ziyara?

'Yarsa

*

'Yar'uwa,

Da so samu ne in ce to. Amma ba zan ruɗi Mama ba: mu a nan ba ma rayawa, busarwa muke yi. In ya shigo, ya mutu. Batun wurin tsiro kuwa, shugabana ya ce in rubuta dutse, tunda daga can icen ya fito. Ni ina ganin ɗakin Baba ne. Har yanzu muna ja.

Ki gaishe ta.

*

Malama,

Salam. Mama ta dawo gidana, ita da kututturenta. Yana banɗakinmu, maigidana na raɓa shi kamar suruki. Tarin ya yi sauƙi. Kututturen kuwa tun da aka kawo shi bai fitar da komai ba. Kullum da safe takan ja kujera ta zauna a gabansa.

Ta ce in gaya miki kada ki naɗe taswirar tukuna.

Ki huta lafiya,
'Yarsa