Masu Gadi Uku a Kwamfuta Ɗaya

Zuwa ga maigidana, Abban 'yan biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aikin hanya, ya zaman daji? Ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ka, 'yan biyu kuma sun ce in tuna maka da alkawarin keke. Direban kamfaninku ya kawo wasiƙarka, tunda har yanzu waya ta ƙi kamawa a sansaninku.

Ka tambayi labarin shago. To, shago yana nan, firinta lafiyarta ƙalau, amma kwamfutar nan ta ishe ni. In na kunna ta da safe, sai in share shago, in goge kanta, in leƙa in gaisa da mai gyaran waya, in dawo in tarar da ita tana miƙa kamar wadda aka tasa daga barci. In na buga kalma, sai na sauke hannuna sannan haruffan su biyo baya. Jiya wani ɗalibi ya kawo aikinsa na kammala karatu, ya zauna a benci har ya fara gyangyaɗi, daga baya ya karɓi filashinsa ya tsallaka shagon da ke can gefen titi. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Na san ka, mutumin da ke sa kwaɗo uku a ƙofar shago. Haka ka yi wa kwamfutar kafin ka tafi, ka sa mata antibairos, wato masu gadinta daga cutar bairos, har uku, mai jan tambari da mai kore da mai shuɗi, ka ce kada in taɓa ko ɗaya. Ni dai Ja da Kore da Shuɗi nake kiran su. Kullum ɗaya yana fito min da gargaɗi cewa ya kama ɓarawo, in na duba sai in ga ɗan'uwansa ya kama.

Ga babbar maganar. Shugabar makarantar da ke bayan layinmu ta ba ni buga takardun jarrabawar ɗalibanta duka, a matsayin gwaji. Ta ce in na gama kafin ranar jarrabawa, aikin makarantar ya zama nawa. Sannan na ga abin da ka rubuta a ƙarshen wasiƙarka, wai in shagon ya fi ƙarfina in rufe shi har ka dawo. Haba, Abban 'yan biyu! Ni ce zan rufe shago? Ban ji daɗin wannan maganar ba, gara in faɗa maka.

Ka gaishe da abokan aikinka.

Matarka,
wadda kake kira Sarkin Taurin Kai

*

Zuwa ga Abban 'yan biyu,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Da fatan ruwan saman da ka ce ya tsayar muku da aiki ya yi sauƙi. Inna ta ɗan yi mura amma ta warware.

Ka zauna da kyau kafin ka ci gaba da karantawa, domin na taɓa abin da ka ce kada in taɓa. Ba neman gafara na zo yi ba, labari na zo ba ka.

Amsarka ta iso, ka ce rigakafi ya fi magani, in yi haƙuri da jinkirin. Gaskiya ne, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Takardun makaranta sun taru a kan tebur, na lissafi da na kimiyya masu zane-zane, kwamfutar kuwa in na ce ta ajiye shafi ɗaya sai fankarta ta hau kuka. Shugabar ta leƙo, ta dubi tarin takardun, ta dube ni, ta juya ta tafi. Da ta yi faɗa ma da ya fi min sauƙi.

Sai na tuna malamarmu ta ajin koyon kwamfuta ta taɓa nuna mana wata taga da ke bayyana abin da yake cin ƙarfin na'ura. Na buɗe ta. Abban 'yan biyu, gani ya kori ji! Masu gadinka uku ne a sama, su suka cinye komai. Duk fayil ɗin da na buɗe, sai Ja ya caje shi, Kore ya ƙwace ya caje, Shuɗi ya zo ya caje su duka. Aikina yana can ƙasa yana jiran a ba shi hanya.

Ban yi gaggawa ba. Na fara kwashe duk ayyukan mutane na zuba a wancan faifan ajiya da ke cikin durowa. Na kira malamar na gaya mata abin da na gani, ta ce idona bai yi ƙarya ba, masu gadi irin waɗannan in suka haɗu suna iya hana juna aiki har ɓarawon gaske ya wuce. Ta ce a bar ɗaya yana tsaro kullum, in ana son na biyu to ya zama wanda sai an kira shi yake zuwa. Amma ta ƙi zaɓa min, ta ce ni ke zaune da na'urar.

Na cire wayar intanet, na riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ja yana da ƙoƙari amma ya yi wa tsohuwar kwamfutarmu nauyi, ga yawan talla. Shuɗi kuwa ashe wa'adinsa ya ƙare tuntuni, ba ya sabunta kansa, hula kawai yake sanye da ita. Kore ne mara nauyi, kuma yana duba filashi da zarar an soka. Na sallami Shuɗi gaba ɗaya. Ja na kashe masa tsaron kullum, sai ƙarshen mako nake kiran sa ya zagaya bayan na tashi aiki. Kore kuwa na mayar da wayar intanet na sabunta shi, na bar masa ƙofa.

Na yi bisimilla na sake kunna ta. Kafin in gyara zaman kujera ta buɗe. Na yi guɗa ni kaɗai a shago har mai gyaran waya ya leƙo ya ga ko lafiya.

Na san ranka zai ɓaci. Ka bari sai ka ji ƙarshen labari.

Taka har kullum,
Sarkin Taurin Kai

*

Zuwa ga maigidana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Kowa a gida yana gaishe ka.

Wasiƙarka gajera ce wannan karon. Ka ce in bairos ya shiga ya lalata takardun makaranta, kada in ce ba ka faɗa ba. To, ya zo ɗin.

Ana gobe zan miƙa aiki, malamin lissafi na makarantar ya kawo gyaran wasu tambayoyi a filashinsa. Ina soka shi Kore ya yi ƙara, ya nuna ya kama wani mugun abu mai ɓoye fayiloli, ya killace shi. Ga shi duk jarrabawar makarantar tana cikin kwamfutar. Na ce wa malamin ya zauna. Na sa Kore ya wanke filashin, sannan na kira Ja ya bi kwamfutar lungu-lungu. Bai sami komai ba. Na buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, ko waƙafi bai ɓace ba. Malamin ya riƙe baki, ya ce ashe wannan filashin ne ya kwantar da kwamfutar ofishinsu, shi ya sa ma aka fito da aikin waje.

Na kai takardun da kaina, an jera an manne. Shugabar ta juya shafukan, ta ce daga yau har sakamakon ɗalibai ni zan riƙa buga musu. Ta kuma roƙe ni in duba musu kwamfutar ofis. An ce yabon kai jahilci, to yau kam ka bar ni in yi jahilcina. Na ji daɗi, na ji daɗi ƙwarai, a hanya har ina jin kamar tsayi aka ƙara min. Ɗalibin nan da ya gudu ma ya dawo da abokansa.

Ban manta ba, kai ka koya min riƙe linzamin kwamfuta, kuma na san tsoron kada wani abu ya same ni a bayanka ne ya sa ka tara min masu gadi. Kwaɗunanka uku suna nan a ƙofa, kullum ina kulle su, su ba sa faɗa da juna.

Saura magana ɗaya. A duk wasiƙunka kana kukan kwamfutar da kake aikin sito da ita, wai zafin daji ne ya sa take tafiyar hawainiya. Abban 'yan biyu, tsakaninka da Allah, masu gadi guda nawa ka sa mata? Kada ka ba ni amsa, na sani. In za ka zo hutu ka taho da ita shagona. Sai dai ka zo da wuri, don yanzu benci cika yake, kuma layi za ka bi kamar kowa.

Matarka mai kewarka,
Mai Shago