Na Ɓoye Takalman Babanki

Rimawa, Goronyo

Zuwa ga ɗiyata Mashkura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da malamanki na Ibadan. Mu nan sai godiya. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna bai da sauri.

Babanki ya tashi. Idanunshi sun washe, jiya har ya ci tuwo ya nemi ƙari. Likita ya ce maganin feshin da yake yi a gona ba tare da rufe hanci ba ya taɓa mashi hanta, kuma da mun ƙara sati muna ɗura mashi jiƙon maganin ciwon shawara, da ta gama lalacewa. Ke kinka hana mu jiƙon, kinka matsa anka kai shi asibiti. Allah ya yi maki albarka. Dā kunya nake ji in an tambaye ni mi kike karantawa, in ce ɓeraye kike ba guba kina duba hantarsu. Yanzu ko ba a tambaya ba ina faɗi.

To ga abin da ke damuna. Kin taɓa gaya mani cewa a cikin ɓerayenku, wanda jijiyoyinshi ke tashe don tashin hankali hantarshi ta fi ɓaci, wanda kunka kwantar wa da jijiya ya fi samun sauƙi. Kin ce ba ku tabbatar haka abin yake ga mutum ba, amma ni na riƙe maganar. Shi ya sa da gulbi ya cika ya kwashe irin albasar da babanki ya zuba a fadama, na hana kowa gaya mashi. Kawunki Attahiru ya ce na mai da dattijo jariri, na ce ya ƙyale ni. Sati uku ke nan, kullum ya tambayi albasa sai in ce tana nan lafiya.

Shekaranjiya ya ce Lahadi zai leƙa fadama. Na ɓoye takalmanshi cikin rumbu, amma kin san shi, ko ba takalmi tafiya zai yi. Don Allah ki kira ni kafin Lahadi ki gaya mani gaskiya, hantarshi za ta ɗauki wannan labari? In kin ce e, daga bakina zai ji, in nemi gafararshi. Shekara talatin da huɗu ban taɓa yi mashi ƙarya ba sai bana.

Goggonki Sauda da yayanki da ƙanwarki Zakiyya suna gaishe ki. Ki gaida matar gidan da kike zaune. Allah ya tsare mani ke.

Innarki,
Zinariya