Ƙorafi Kan Cire Jitar Yayana Daga Waƙata

Gida mai lamba 12, hawa na biyu,
Layin Bayan Tashar Mota.
Litinin, 21 ga Afrilu.

Zuwa ga:
Mai Girma Darakta,
Cibiyar Koyar da Matasa Sana'o'i da Fasaha.

Daga:
Mai lamba 37 a littafin rajistar sashen sauti.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GOGE ASALIN WAƘAR DA NA KAWO GYARA, DA ROƘON A DAKATA DA SHARE KWAMFUTA MAI LAMBA 4

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya tare da ma'aikatanka. Ban taɓa rubuta wa wani babba takarda ba. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, aikina kuma guga ne a wani shagon wanki. Idan aka ga kuskure a rubutun, a yi mini afuwa. Na zaɓi in rubuta ne domin sau uku ina zuwa ofis da nufin yin bayani da baki, amma buƙata ba ta biya ba.

Kafin in jera ƙorafina, ina roƙon izinin in faɗi yadda aka ɗauki waƙar, domin a nan matsalar take.

Yayana mai aikin wayar lantarki ne, yana kuma kaɗa jita tun ina ƙarama. A ƙuryar ɗakinsa ya haɗa wurin ɗaukar sauti da hannunsa. Ya jingina tsohuwar katifa a jikin taga, ya rataya barguna biyu a bango, ya liƙa kwalayen ƙwai a bayan ƙofa. Makirufo ɗaya gare shi. Ni kuma ina da wata waƙa da na haɗa a kaina a wurin guga, ba wanda ya taɓa jin ta sai shi, shi ma laɓewa ya yi. Ya sha tsokanata cewa a gidanmu firji ya fi ni magana.

Da farko ya gwada yadda ya ce masu sana'ar ke yi. Ya ɗauki jitar ita kaɗai, ya sa mini abin sauraro a kunne, ya ce in rera a kai. Na tsaya gaban makirufo, kiɗan yana tafiya, ban iya buɗe baki ba. Kwana uku muna haka. Sai ya ce to a bar dokar masana, za mu yi tare. Ya kafa makirufon tsakanin bakina da wurin da wuyan jita ya haɗu da cikinta, ya auna taƙi biyu, ya manna salatif a ƙasa inda zan ajiye ƙafa. Ya juya kujerarsa yana kallon bango, domin ya san idan ya dube ni muryar za ta ɗauke. Muka kashe firji da fanka, muka jira mai waldan ƙasan bene ya tafi cin abinci. Ranar Asabar, 11 ga Janairu, da misalin ƙarfe biyu na rana, muka yi gwaji goma sha huɗu. Na ƙarshen ne ya yi.

Yayana ya rasu ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan jinyar kwana tara. Kwamfutar da ya yi aikin da ita ta wurin aikinsa ce, sun aiko an karɓa. Abin da ya rage shi ne katin memori guda ɗaya da ya ba ni, waƙar tana ciki, kuma babu ita a ko'ina sai nan.

Ga ƙorafina:

1. Ranar Laraba, 2 ga Afrilu, na zo cibiyarku bisa sanarwar da kuka liƙa cewa za a taimaka wa matasa da gyaran sautin da suka ɗauka a gida. Abin da na nema kaɗan ne. Sautin ya yi ƙasa, mahaifiyarmu kuma kunnenta ya yi nauyi, ina so a ɗaga shi yadda za ta ji ba sai ta manna waya a kunne ba. Haka na rubuta a takardar da sakatariya ta ba ni, a layin da aka ce a faɗi buƙata: a ƙara ƙarfi. Takardar tana wurinku, ana iya dubawa.

2. Injiniyan sauti ya karɓi katin, ya sa a kwamfutar da ke kusa da taga, wadda aka rubuta 4 a jikinta da jan fenti. Na ga ya kwafi fayil ɗin zuwa cikinta, domin na tsaya har koren layin ya cika. Ya saurara kaɗan, ya cire abin kunnensa, ya tambaye ni ina fayil ɗin jita, ina na murya. Na ce ɗaya ne. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya kira abokin aikinsa ya zo ya ji aikin 'yan koyo. Ya ce duk wanda ya zuba murya da jita a makirufo ɗaya ya ɗaure wa mai gyara hannu. Ya lissafa abubuwan da ya kira datti: ƙarar yatsa a kan tsirkiya, bugun ƙafa a ƙasa, kujera tana kuka, da kiɗan da ke jan jiki a wasu wurare. Sannan ya ce kada in damu, zai wanke mini ita tas, in dawo bayan mako guda.

A nan dole in faɗi laifina. Ya tambaye ni ko na yarda, na gyaɗa kai. Mutane biyar ne a ɗakin, duk sun juyo. Ban gaya masa mai jitar ya rasu ba. Na ɗauka wankewa tana nufin a cire hayaniyar titi. Amma ranka ya daɗe, shi ma bai gaya mini cewa zai cire jitar ba, bai kuma tambaye ni ko ina da wani kwafi a gida ba.

3. Ranar Laraba, 9 ga Afrilu, na karɓi katin. Injiniya yana cike da murna, ya ce ya ɓata yini biyu a kanta. Ya bayyana mini cewa ya yi amfani da wata manhaja ya tsame muryata, ya zubar da tsohuwar jitar, ya kaɗa sabuwa da kansa, ya daidaita tafiyar kiɗan, ya yanke kai da gindi. Na yi godiya, domin ban gane abin da nake ji ba. Sai da na isa gida na buɗe katin na tarar fayil ɗaya ne a ciki, da sunansa na da, amma ba shi ba ne. Ya ajiye sabon a kan tsohon.

4. Ina so a rubuta a wani wuri cewa abubuwan da aka kira datti ba datti ba ne. Yatsan yayana na tsakiya gajere ne, tsani ya taɓa datse masa shi a wurin aiki, shi ya sa tsirkiya ke ƙara idan ya ja hannu. Inda kiɗan ke jan jiki, ni yake jira in ja numfashi, domin ba ya kallona, da kunne yake bina. Bugun ƙafar nasa ne. Sabuwar jitar tana da kyau, ban ce ba ta da kyau ba. Amma ba ta jirana. A wurare biyu an yanke numfashin nawa ma don in cim mata, muryar kuma ta koma kamar ana magana a cikin bokiti.

5. Na sa wa mahaifiyarmu a daren farko, kafin in gama fahimta. Ta ji ta sosai, ƙarfin ya ƙaru kam. Ba a kai rabi ba ta tambaya wane ne wannan yake kaɗawa. Na ce wani ma'aikaci ne. Ta ce to madalla da shi, yanzu in sa mata ta yayana. Na ce waya ba caji. Tun daga ranar ta tambaya sau huɗu. Na ce caji, na ce katin yana shago, na ce lasifikar ta lalace. Ban saba yi mata ƙarya ba, dabarun sun kusa ƙare mini.

6. Na dawo cibiyar ranar Alhamis, 10 ga Afrilu. Aka ce Injiniya yana aji, in jira. Na zauna a bencin baranda daga ƙarfe goma har ƙarfe ɗaya, lokacin komawata shago ya yi, na tafi.

Na sake dawowa ranar Litinin, 14 ga Afrilu. Na same shi a bakin ƙofa zai fita. Na ce ina son tsohuwar. Ya yi mamaki, ya ce me zan yi da ita bayan ga mai kyau, ya ce kunnena ne bai saba da aiki mai tsafta ba, in ƙara sauraro zan gode masa. Ya ce kuma fayilolin ɗalibai sun fi dubu a kwamfutar, ba shi da lokacin tono. Yana magana yana duba agogo. Na buɗe baki in faɗi dalilin, sai wani ya kira shi.

Ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, na gaya wa sakatariya komai, domin ita kaɗai ce a ofis. Ta yi mini ta'aziyya, ta ba ni ruwa. Ta ce ba ta da ikon taɓa kwamfutocin sashen sauti, Injiniya kuma ya tafi hutu sai wata mai zuwa. Ita ce ta ce in rubuta maka.

7. Abin da ya sa ba zan iya jiran dawowarsa ba shi ne takardar da na gani a allon sanarwa a ranar. An rubuta cewa ranar Litinin, 28 ga Afrilu, za a share duk abin da ke cikin kwamfutocin sashen sauti domin sababbin ɗalibai. Na karanta ta sau uku don in tabbata. Daga yau saura kwana bakwai. Ban san ko asalin waƙar yana nan a lamba 4 ba. Abin da na sani shi ne na ga ya shiga, ban kuma ji wanda ya ce ya fitar da shi ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abubuwa kamar haka.

Na farko, a ba da umarni a rubuce kada a share kwamfuta mai lamba 4 har sai an duba ta. Idan ba za a karanta sauran takardar nan ba, a taimaka a karanta wannan layin.

Na biyu, a sa wani wanda ya iya ya nemo fayil ɗin. Ba zai yi wuyar ganewa ba. Sunansa "gwaji 14", an kwafe shi ranar 2 ga Afrilu kafin azahar. Tsawonsa minti uku da sakan hamsin da biyu, na Injiniya kuwa minti uku da sakan goma ne. A farkonsa za a ji an ƙwanƙwasa cikin jita sau uku. Idan an duba ba a gani ba, na ji ana cewa wani lokaci abin da aka goge yana nan a kwandon shara na kwamfuta, a duba can ma. Zan kawo sabon kati. Kada a gyara komai a ciki, ko ƙarfin ma a bar shi, zan riƙa riƙe wa mahaifiyarmu wayar a kunne.

Na uku, don waɗanda za su zo bayana, a sa doka cewa kada a ajiye gyara a kan asali, kuma a riƙa tambayar mutum ko yana da wani kwafi. Wasunmu ba mu san ana tambaya ba, wasunmu kuma ko mun sani ba ma iya magana a gaban mutane.

Ba na neman a hukunta Injiniya. Ya yi aikin da aka koya masa, ya kuma yi shi da ƙwazo. Ba na jin haushinsa. Gaskiya ba na jin komai sosai tun watan Fabrairu, ina zuwa shago, ina guga, ina dawowa. Jitar tana rataye a ɗakin, salatif ɗin ma yana nan a ƙasa, ba wanda ya ɓamɓare shi.

Idan ya zama fayil ɗin ya lalace, ba za a iya ceto shi duka ba, ina roƙon a gwada ƙarshensa. Bayan waƙar ta ƙare akwai shiru kaɗan, sai kujera ta yi ƙara, sai yayana ya yi dariya ya ce, "Yauwa Auta, kin ga ba ki mutu ba. Je ki kunna wa Mama firjinta." Bai fi sakan goma ba. Yana cikin abin da aka yanke. Ba mu da muryarsa a wani wuri, shi ba mai aika saƙon murya ba ne. Idan wannan kaɗai aka samu, ya ishe mu.

Zan zo ranar Laraba, 23 ga Afrilu, da ƙarfe goma na safe, na riga na nemi izini a shago. Zan zauna a bencin baranda da katin a hannu. Ba sai an shigar da ni ofis ba, ko sakatariya aka aiko da amsa ya wadatar.

Ina godiya da lokacin da ka ba wannan takarda. Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama aikinka lafiya.

Taka cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Mai lamba 37 a littafin rajista,
ƙanwar mai jitar.